Shuka furen tsuntsun aljanna daga iri

Ƙwayar irin Strelitzia reginae, furen da ake kira tsuntsun aljanna, tana iya kwanciya cikin ƙasa wata biyu cur ba tare da ta nuna alamar rai ba, kuma lafiyarta lau. Wata ma sai ta kai wata shida kafin ta leƙo. Asarar da ake tafkawa a wannan tsakanin ba ta wuce abu uku: ko dai tun farko tsohon iri aka samo, ko sanyi ya hana shi motsi, ko kuma mai shukar ya kashe shi da hannunsa, da yawan ban ruwa da tone-tonen duba ko ya fito. Na ukun ya fi yawa, kuma shi ya fi ban takaici.

Asalin shukar daga gabashin Afirka ta Kudu take, inda take fitowa a bakin rafuka da gefen dazuzzukan da ke kusa da teku. A 1773 aka kai ta lambun Kew da ke Landan, kuma masanin tsirrai Joseph Banks ne ya raɗa mata suna don girmama Sarauniya Charlotte, matar Sarki George na uku na Birtaniya. Shuka ce mai daɗewa, tana yin gindi ɗaya da ke ta haihuwar 'ya'ya a gefe shekara da shekaru, tsayinta mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ganyenta mai kauri ne a kan dogon sanda. Furen yana fitowa daga wani kube mai kama da bakin tsuntsu, ganyayyaki uku ruwan lemo a tsaye, sai shuɗin mashi a tsakiya.

Ƙwayar baƙa ce wuluk, mai sheƙi, ba ta kai santimita ɗaya ba, kuma a gefe guda tana da wani tuntu na gashi ruwan lemo. Tsuntsaye ke bin wannan tuntun, su ɗauke ƙwayar su yar da ita nesa da uwar. Ɓawon kuwa tauri gare shi ƙwarai, ruwa ba ya ratsa shi da sauri, kuma yana ƙara ƙeƙashewa muddin irin na ajiye. Shi ya sa shekarun iri suka fi komai muhimmanci. Irin da aka ciro daga kwanso cikin makonnin nan yakan tsiro a mako huɗu zuwa takwas. Wanda ya haura wata shida a ajiye sai ya riƙa fitowa ɗaya-ɗaya, da yawa kuma ba za su fito ba sam. Idan mai sayarwa bai iya faɗa maka lokacin da aka girbe irin ba, ka ɗauka tsoho ne, ka ninka adadin da za ka shuka.

Akwai kuma rikicin iri da 'yar uwarta Strelitzia nicolai. Ƙwayoyinsu sun yi kama sosai, baƙi da tuntu ruwan lemo, amma nicolai ƙatuwa ce, tana haura mita shida, furenta fari da shuɗi. Wanda yake son shukar tukunya ya sami nicolai, sai bayan shekaru zai gane, lokacin da ganye ya fara taɓo rufi. Ka tabbatar da cikakken sunan kafin ka karɓa.

Mutane na son gwada iri ta hanyar zuba shi a ruwa, su ce wanda ya taso sama ya lalace. A wannan irin gwajin ba abin dogaro ba ne, domin tuntun da iskar da ke maƙale a jikin ɓawo suna sa lafiyayyar ƙwaya ta yi iyo. In kana da iri da yawa, gara ka sadaukar da ƙwaya ɗaya ko biyu, ka fasa da filaya. Cikin lafiyayya fari ne, a cike, da ƙarfi. In ka tarar da shi ruwan ƙasa, ko ya motse ya bar rami, ko yana wari, to sauran ma abin zargi ne.

Aikin farko shi ne cire tuntun. Ka tsige shi da farce har tushe, kada ka bar ko sili. Yana da maiƙo, kuma da zarar ya jiƙa a wuri mai ɗumi shi ne farkon abin da funfuna ke kamawa, daga nan ta shiga ƙwayar ta daidai inda saiwa za ta fito. In ya ƙi tsiguwa a bushe, jiƙa ƙwayar awa ɗaya, zai saki. Wani abin mamaki game da tuntun nan: a 2009 masu bincike a jami'ar Florida International da ke Amurka suka gano cewa launin tuntun nicolai daga bilirubin yake, sinadarin nan da ke sa idon mai ciwon shawara ya yi rawaya, wanda a da ake zaton a jikin dabbobi kaɗai ake samunsa. Tuntun da ƙwayar duka ka kawar da su daga inda yara da dabbobin gida za su kai baki, suna ɓata ciki.

Bayan tsigewa sai wanki. Haɗa bilic na wanki kashi ɗaya da ruwa kashi tara, ka zuba ƙwayoyin minti goma, sannan ka ɗauraye su sau uku da ruwa mai tsabta. Irin da zai yi mako takwas cikin danshi da ɗumi, in ya shiga da ƙwayar funfuna a jikinsa, ita za ta riga shi tsirowa.

Sai karce ɓawo, kuma a nan gizo ke saƙar. Manufar ita ce a rage kaurin ɓawon a wuri ɗaya don ruwa ya sami hanya. Ka riƙe ƙwayar da yatsu biyu, ɓangaren da tuntun ya fita yana cikin yatsunka a ɓoye, domin ɗan tayin shukar a wannan ɓangaren yake kuma ta nan saiwa ke ɓullowa. Ka goga gefen ƙwayar ko bayanta a kan magagari ko samfefa irin ta kafintoci. Ka goga sau uku ko huɗu, ka tsaya ka duba. Da farko sheƙin ne zai tafi, wurin ya yi dishi-dishi. Ka ci gaba kaɗan, baƙin zai fara komawa ruwan ƙasa a wani ɗan tabo da bai fi kan ashana ba. Nan za ka tsaya. In ka ga fari, ka wuce gona da iri, ka buɗe wa ruɓa ƙofa. Irin wannan ƙwayar ba lallai ta mutu ba, amma ka ware ta a tukunyarta daban don kada ta shafa wa sauran. Wasu na amfani da abin yanke farce su ɗan gutsure ɓawon. Yana yi, sai dai hannu kan zarce, magagari ya fi sauƙin sarrafawa. Masu noman fure na kasuwanci sukan tsoma irin a ruwan asid mai ƙarfi na 'yan mintoci. Wannan ba aikin gida ba ne, kuma ga mai ƙwaya goma ko ashirin babu abin da zai ƙara masa.

Sabon iri da aka ciro jiya-jiya ba ya ma buƙatar karcewa, jiƙo kaɗai ya ishe shi.

Jiƙon kuwa da ruwan ɗumi ake yi, kimanin digiri 35 zuwa 40 a ma'aunin Salshiyas, wato wanda hannu zai zauna ciki ba ƙuna. Awa 24 zuwa 48, ana sauya ruwan duk bayan awa 12. Filas na taimakawa wajen riƙe ɗumin. Tafasasshen ruwa yana dafa ɗan tayin, musamman a ƙwayar da aka riga aka karce. Kada kuma jiƙon ya wuce kwana biyu: ruwan da ya kwana ba iska a cikinsa, ƙwayar kuma numfashi take yi. Kada ka sa ran ganin ta kumbura sosai, wannan irin ba ya nuna ya sha ruwa.

Ga mai son ƙarin tabbaci, akwai hanyar da lambun Kirstenbosch na Cape Town ya bayar: a jiƙa irin awa 48 cikin ruwan maganin ethrel mai ƙarfin giram biyu na ainihin sinadarin a kowace lita. Maganin yana sakin iskar etilin, wadda ke zaburar da iri ya farka. Yana da amfani ga mai shuka ɗaruruwa da ke son su fito kusan lokaci guda. Ga ɗan lambun gida, sabon iri da tsayayyen ɗumi sun wadatar.

Ƙasar shuka ta zama mai sakin ruwa, mara taki. Garin zaren kwakwa kashi biyu, yashi mai tsakuwa-tsakuwa da aka wanke kashi ɗaya. Ƙasar lambu da takin dabbobi ba su da wuri a nan, domin suna ɗauke da funfuna da ƙwan ƙwari, kuma ƙwayar ba ta buƙatar abinci daga waje, guzurinta na cikinta. Ka kwarara wa haɗin tafasasshen ruwa, ka bar shi ya tsane ya huce. Sannan ka damƙi cikin hannu ka matse: in ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, danshin ya yi daidai. In ruwa ya zubo ta tsakanin yatsu, ka ƙara busasshen haɗi. Wannan gwajin matsewar shi ne ma'auninka har ranar da tsiro zai fito.

Tukunya ta kasance mai huda a ƙasa, zurfinta aƙalla santimita 10 zuwa 12, domin saiwar farko doguwa ce mai nama, kuma ƙasa take nufa kai tsaye. Farantin reno mara zurfi yana sa ta lanƙwashe. Mafi kyau kowace ƙwaya da 'yar tukunyarta, saboda ba tare suke fitowa ba, kuma ciro wadda ta riga fitowa daga tukunyar tarayya yana girgiza waɗanda ke shirin fitowa. In dole sai an haɗa, a bar santimita biyar tsakaninsu. Zurfin binnewa santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a kwantar da ƙwayar a gefenta. Ka rufe tukunyar da farar leda, ka ɗaure, ka rubuta ranar shuka a jiki. Rubuta ranar ba ƙaramin abu ba ne, mai jira yakan ga mako uku kamar wata uku.

Ɗumi shi ne rabin aikin. Abin da irin ke so digiri 25 zuwa 30 ne, dare da rana, ba hawa da sauka. In zafin ƙasar ya sauka ƙasa da 20, tsirowa na ja baya ƙwarai, ƙwayar na zaune cikin danshi ba ta motsi, funfuna kuwa ba ta jira. Zafin ƙasar ake nufi, ba na iskar ɗaki ba, kuma ƙasa mai danshi takan fi iskar da ke kewaye da ita sanyi. Ka soka ma'aunin zafi a cikin tukunyar ka duba da asuba, lokacin da sanyi ya fi sauka. A inda dare ke sanyi, tabarmar ɗumi ta lantarki da ake shimfiɗawa ƙarƙashin tukwane ita ce magani. A inda zafi ya yi yawa, matsalar ta juya: tukunyar da ke cikin leda in rana ta doke ta kai tsaye, cikinta kan haura digiri 40 cikin ɗan lokaci, irin ya dahu. Ka ajiye ta a inuwa mai haske. Irin ba ya buƙatar haske kafin ya tsiro.

Sau biyu a mako ka buɗe ledar na minti goma don iska ta shiga, ka kakkaɓe raɓar da ta taru a ciki. Ban ruwa sai in saman ƙasar ya fara bushewa, kuma da feshi, ba kwarara ba. Tukunyar da ke rufe takan yi mako biyu ba ta nemi ruwa ba. In ka ga farar saƙa a saman ƙasa, danshi ya yi yawa kuma iska ta yi kaɗan: kwashe saman, barbaɗa busasshen yashi, bar ledar a buɗe kwana ɗaya. In ƙananan baƙaƙen ƙudaje na tashi duk lokacin da ka taɓa tukunyar, tsutsotsinsu na cikin ƙasar kuma suna cin sabuwar saiwa. Su ma jiƙaƙƙiyar ƙasa ce ke tara su. Shimfiɗa yashi mai kaurin rabin santimita a sama yana hana su yin ƙwai.

Wanda ya san ba zai iya haƙurin rashin gani ba, gara ya bi hanyar leda tun farko. A zuba cikin hannu biyu na garin zaren kwakwa mai danshi a ledar da ake zuge bakinta, a cakuɗa ƙwayoyin a ciki, a bar iska kaɗan, a rufe, a ajiye a wuri mai ɗumin nan. Sau ɗaya a mako a duba ta jikin ledar. Duk wadda ta fitar da farin kan saiwa mai tsawon rabin santimita zuwa ɗaya, a ɗauke ta da cokali a kai tukunya, saiwar na kallon ƙasa. Amfanin hanyar shi ne ana ganin wadda ta ruɓe a cire ta da wuri. Illarta kuma, in aka yi sakaci saiwar ta yi tsawo ta nannaɗe, wajen cirewa sai ta karye, kuma saiwar farko in ta karye da wuya tsiron ya tashi. Duk da haka ta fi tonon tukunya da yatsa sau dubu.

A tukunya, abin da ke faruwa a ɓoye shi ne saiwa ce ke fara fita, ta nutsa, kafin wani abu ya bayyana a sama. Tsakanin fitar saiwa da ɓullowar tsiro akwai mako biyu ko uku, kuma a daidai wannan lokacin ne masu tono suka fi yin ɓarna. Abin da za ka fara gani wani ɗan tsini ne, kore-kore mai haske, a naɗe, tsaye cak. Bayan kwanaki sai ganyen farko ya warware daga cikinsa, ƙarami, siriri, bai yi kama da na babbar shukar ba. Ranar da tsinin ya fito ka kwance ledar, ka ɗan buɗe ta, ka ƙara buɗewa kullum har mako guda, sannan ka cire gaba ɗaya. Ƙwayar tana nan maƙale da tsiron a ƙarƙashin ƙasa, yana shan abincinta makonni da yawa. Kada a cire ta, da kanta za ta ƙare.

Tukwanen da ba su fito ba kada a zubar. A ci gaba da kula da su har wata shida, wasu ma na ba su shekara. In wata uku ya wuce shiru, za ka iya juye tukunya ɗaya a kan takarda a hankali ka duba. Ƙwayar da ke da tauri har yanzu tana da rai, a ɗan ƙara karce ta, a jiƙa kwana ɗaya, a mayar. Wadda ta yi laushi ta fashe a yatsa ta tafi.

Ɗan tsiro haske mai yawa yake so amma ba tsakar rana ba. Rana ta safe awa ɗaya ko biyu ta isa a watannin farko. Taki sai ganye na biyu ya buɗe: takin ruwa mai daidaiton sinadarai, rubu'in ƙarfin da aka rubuta a jikin kwalba, duk mako biyu zuwa uku. Taki mai ƙarfi yana ƙona bakin saiwa, sai ka ga gefen ganye ya bushe ya yi ruwan ƙasa. In ganye ya yi rawaya daga ƙasa kuma gindin ya yi laushi, ruwa ne ya yi yawa. Saiwar tana ajiye ruwa a jikinta, don haka ta fi jure ƙishi a kan jiƙa.

Idan ganye ya kai uku, lokacin dashe ya yi. Tukunya mai faɗin santimita 15, mai zurfi, da haɗin ƙasa mai kyau kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, yashi kashi ɗaya. A juye tsohuwar tukunyar a fitar da dunƙulen ƙasar gaba ɗaya, kada a ja tsiron ta ganye, kada a kakkaɓe saiwar. Tana da kauri amma tana karyewa da sauƙi, kuma raunin kan zama mafarin ruɓa. Wuyan shukar, inda ganye ya haɗu da saiwa, ya zauna daidai inda yake a da. Binne wuya yana cikin manyan dalilan da ke jinkirta fure, ko a babbar shuka. Daga nan a riƙa ƙara mata rana sannu a hankali cikin mako biyu. A shekarun farko ana sauya tukunya sau ɗaya a shekara, kowane karo a ƙara faɗi da santimita biyar kawai. In ta girma kuma a daina yawan taɓa ta, ta fi yin fure idan saiwarta ta ɗan cika tukunya.

Ko bayan tsirowa da sauran rina a kaba, domin fure sai shekara uku zuwa biyar, a tukunya ko a wuri mai ƙarancin haske ma fiye da haka. Babbar shuka na buƙatar rana kai tsaye awa huɗu zuwa shida a yini, kuma ba ta son sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 10. Ƙwarin da suka fi damunta su ne fararen nan masu kama da auduga da ke ɓuya a gindin ganye, da masu ɓawo da ke manne a bayan ganye. A goge su da tsumma da ruwan sabulu tun suna kaɗan. Tsagewar ganye ba cuta ba ce, aikin iska ne. Wanda fure kawai yake so da wuri, ya tsaga gindin babbar shuka ya dasa, zai gani cikin shekara ɗaya ko biyu. Iri na mai son shuke-shuke da yawa ne, ko wanda babu babbar shuka kusa da shi.

Akwai nau'i mai rawayan fure, Mandela's Gold, wanda Kirstenbosch ya fitar kuma aka ba shi wannan sunan a 1996. Rawayan launin ba ya rinjaye a gado. Sai uwa da uba duka rawaya ne 'ya'yan ke fitowa rawaya, in garin furen mai ruwan lemo ya shiga, ruwan lemo za a samu, kuma ba za a sani ba sai bayan shekarun jiran nan. Don haka irin wannan nau'in sai daga hannun wanda ya haɗa furannin da kansa.

Hanya mafi tabbas ta samun sabon iri ita ce mutum ya samar da nasa. A dajin asalinta tsuntsu ne ke sauka a kan shuɗin mashin don shan ruwan zaƙi, nauyinsa ya buɗe mashin, garin fure ya manne masa a ƙafa, ya kai wani furen. A inda babu tsuntsayen da suka saba da ita, da wuya ta yi 'ya'ya da kanta. Ka danna fikafikan mashin da yatsa, zai tsage a tsakiya, za ka ga farin gari mai danƙo, zare-zare. Ɗebo shi da tsinke ko ɗan buroshi, ka shafa a kan siririn tsinin da ya zarce a ƙarshen mashin wani furen da bai daɗe da buɗewa ba, lokacin tsinin na da danƙo. A fi son furen wata shukar daban, wadda ba daga gindi ɗaya aka tsago su ba, don an fi samun iri mai yawa. In ya kama, wani koren kwanso zai kumbura a cikin kuben, ya yi wata huɗu zuwa shida yana nuna, ya koma ruwan ƙasa mai tauri, sannan ya tsage gida uku, baƙaƙen ƙwayoyi da tuntunsu a jere. Da ya fara tsagewa a ɗaura masa jakar raga, don tsuntsaye da ɓeraye na rige-rigen kwashewa. A shuka cikin makonni biyu zuwa huɗu. In dole sai an ajiye, a sa a ambulan na takarda, a wuri mai sanyi da bushewa, a bar tuntun a jiki sai ranar shuka.